Idon da Ya Ƙi Tsukewa

Gab da magariba Sista ta kulle mijinta a cikin gida. Ta zare makullinta, ta haɗa da nasa da ta ɗauke daga jikin ƙusa, ta jefa su duka biyun cikin aljihu. Wanda bai san Dogo ba zai ce ta yi rashin kirki. Wanda ya san shi kuwa cewa zai yi ta yi sakaci da ba ta ɗaure shi a jikin gado ba.

Dogo mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki ne, rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta. Da hantsin ranar ya rikito daga sama, gefen kansa ya daki siminti. Aka kai shi asibitin da matarsa ke aikin jinya, aka yi masa ɗinki huɗu a saman kunnen hagu. Likita ya so ya kwana a can, shi kuwa ya kafe sai gida, wai gadon asibiti ya yi masa gajarta, ƙafafunsa a waje suke lilo. Da likitan ya gaji da musu sai ya juya wajen Sista.

"Tunda ke ce a gidan, na yarda. Amma duk bayan awa ɗaya ki duba idonsa. Kin san abin da za ki nema."

Ta sani mana, shekararta goma sha ɗaya tana wannan aikin. A tsakiyar idon kowane mai rai akwai ɗan baƙin ɗigo. In haske ya faɗa masa sai ya tsuke nan take, in an janye ya sake buɗewa. In jini na taruwa a cikin kai, ɗigon ido ɗaya zai fi ɗaya girma, ya ƙi tsukewa, kuma daga nan mintuna ake da su, ba awoyi ba. In duka biyun suka buɗe suka tsaya cak, to sai dai a ja mayafi a rufe fuska.

Sai ga shi 'yar tocilarta ta aiki, wadda ta shekara shida a aljihunta ba ta taɓa ba ta kunya ba, yau ta ga dama ta mutu. Batir ya tsiyaye a ciki ya cinye ƙarfen. Hasken waya kuma ba ta yarda da shi ba, watsuwa yake ya cika fuska da ƙyalli, ka rasa abin da kake dubawa. Ga shi an ɗauke wuta tun rana, ɗan cajin da ya rage tattalinsa take saboda kira.

Kafin ta fita ta ja shi bakin taga ta duba shi da ragowar hasken yamma. Ido biyu lafiya lau. Baki ma lafiya lau, don bai daina mita ba, wai tsaninsa da akwatin kayan aikinsa suna can inda ya faɗi, wani zai yi gaba da su.

"Sista, minti goma kawai, in je in dawo."

"Ka sauko daga gadon nan ka gani. Ni zan ƙarasa abin da tsani ya fara."

Ya yi dariya, ya dafe kai, ya koma ya kwanta. Tana son mutumin nan har ba ta son ya san iyakar son, don in ya sani ta shiga uku da taurin kansa.

Mai kayan lantarki na ƙarshen titi ya riga ya ja ƙofar shagonsa zuwa rabi. Ta sunkuya ta shiga. Shagon ƙunci gare shi, sai warin roba da na ƙonanniyar waya, ga 'yar fitila guda a rataye tana lilo. Tana cewa tocila, mutumin ya zaro wata ƙatuwa daga ƙarƙashin teburin shagon ya dire mata a gaba.

"Wannan, Sista, har jirgin sama za ki hasko da ita."

"Ni ba farautar ɓarayi zan fita ba. Ƙarama nake so, kamar biro."

Ya zube mata kusan goma. Ta shiga tsinta, yana kallonta da mamakin yadda mace za ta tsaya bincike a kan abin da bai kai yatsa biyu kauri ba. Ta roba ta ture gefe, don tata kullum sai an goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, roba kuwa tsagewa take. Mai caji ma ta ture, don ranar da kake buƙatarta ranar za ka tarar ta sauka. Akwai wata da in ka danna sau ɗaya ta kawo fari, sau biyu ja, sau uku ta hau walƙiya.

"Wannan ta 'yan rawa ce," in ji ta. "Haske ɗaya nake so. In danna ya zo, in danna ya tafi."

Ta ƙarshe baƙa ce, ta ƙarfe, da maƙali a gefe na soka wa a aljihu, makunninta a gindi daidai inda babban yatsa ke sauka. Ta auna nauyinta a tafin hannu. Ta haska bango, ta ga da'irar hasken ƙarama ce mai tsabta, ba duhu a tsakiya. Hasken kuma ba fari ƙal ba ne irin wanda ke mai da lafiyayye kamar gawa, yana da ɗan ɗumi. Sai hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ya nemi izini ba: ta kamo haɓar mai shagon ta dalle masa ido.

"Wayyo! Baiwar Allah, ido ne fa, ba ramin ɓera ba!"

"Naka lafiya lau, duka biyun sun tsuke."

"To madalla, yau na samu likita har shago."

Ta biya, ta soka tocilar a aljihu, ta fito. Bayanta ta ji ƙarar ƙofar ƙarfe ta sauka har ƙasa.

Duhu ya fara sauka, irin wanda kana ganin mutum amma ba ka shaida fuskarsa sai ya matso. Tsakanin shagon da benen da suke haya akwai wani tsohon sito da aka daɗe da rufewa, bangonsa dogo ne, ba ƙofa ba taga ta wajen titi. A farkon bangon, ƙarƙashin fitilar titi da ta mutu, wani dogon mutum na tsaye da farar filasta a gefen kai.

Ranta ya ɓaci kafin ma ta ƙarasa.

"Dogo! Wai kai wane irin mutum ne? Kashe kanka kake so ka yi, ko ni kake so ka kashe?"

Ya sunkuyar da kai yana sauraro, ta zazzage masa tas, bai mayar mata da ko kalma ɗaya ba. Wannan ne ya fara sanyaya mata jiki, don Dogo ko a mafarki ba a yi masa faɗa ya yi shiru.

"Kaina ne ya yi nauyi," ya ce a hankali. "Iska nake so. Zo mu ɗan zaga."

Muryarsa ce, amma a shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Da wata matar ce da tuni gabanta ya faɗi. Sista kuwa ma'aikaciyar jinya ce, duk abin da ta gani sai ta nemo masa suna a littafi. Magana a hankali, alamar bugun kai ce. Sanyin hali kwatsam, shi ma haka. Kuma ta san ba a jayayya da mara lafiyar da kansa ya rikice, lallaɓa shi ake yi, ana cewa to, har a kai shi inda ake so.

"To," ta ce da muryar da take yi wa marasa lafiya. "To, mu je. Daga ƙarshen bangon nan sai mu juya gida."

Suka kama tafiya a jikin bangon, benensu na ƙara nisa a baya.

Wani wari ke tashi daga jikinsa, na jiƙaƙƙen siminti da ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta ce a ranta ƙurar wurin aiki ce. Hayaniyar titi ta yi ƙasa kamar an rufe mata ƙofa. Ba hon ɗin mota, ba kukan yara, ba ƙarar injin wuta. Sai sautin takalminta kawai, fat, fat, fat.

Ta kasa kunne. Sautin takalmi ɗaya ne.

"Me kika sayo?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Tocila."

"Ba sai kin kunna ba. Ina gani."

Bangon ya ƙi ƙarewa. Ta sha bin wannan hanyar, taku ɗari bai cika ba, amma yau ƙarshensa na can gaba cikin duhu, kuma kamar matsawa yake. Ta tuna awa ta cika, lokacin duba ido ya yi. Ta zura hannu a aljihu.

Yatsunta suka taɓa makulli. Suka taɓa na biyu.

Ta tsaya. Hawa na uku suke. Duk tagogin gidan da ƙarfe a jiki.

"Ta ina ka fito?" ta ce, muryarta ta koma raɗa.

"Zauna nan," ya ce. Ya nuna gindin bango. "Kin gaji."

Har a lokacin zuciyarta na nema masa uzuri. Wataƙila akwai makulli na uku. Wataƙila maƙwabci ya ɓalle masa. Hannunta dai bai jira zuciyar ba. Ta miƙa ta kamo haɓarsa, ta ji ta sanyi ƙalau, ta ɗora babban yatsa a gindin tocilar ta danna.

Hasken ya shiga idon dama. Bai dawo ba.

Ba ƙyalli, ba ƙifta ido, ba hawaye. Baƙin ɗigon ya buɗe har ya kusa cinye idon, ya tsaya cak.

Ta matsa zuwa na hagu. Haka yake.

Ta sha ganin irin idanun nan. Da hannunta ta rufe da yawa daga cikinsu. Amma duk masu su a kwance suke, babu wanda ya taɓa tsayawa a gabanta yana magana.

"Kin gama?" ya ce.

Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. A ƙarƙashin hasken fuskar ba ta kammala ba. Fatar sumul take, ba ramin gashi, ba tabon da aska ta yi masa a haɓa. Girar kamar da gawayi aka zana ta. Filastar kuma a saman kunnen dama take.

"Zauna, Sista. Saura kaɗan."

"Saura kaɗan me?"

Ya ɗaga kai a hankali ya dubi wani abu ta saman kafaɗarta. Ta waiga. Can nesa, tagar ɗakinsu ce a hawa na uku, baƙa wuluk.

Sai ta gane. Ba ita ake nema ba. Tsare ta kawai ake yi.

Ta zabura, ya cafke mata wuyan hannu. Yatsunta suka faɗa a kan nasa wuyan hannun, daidai inda jijiya ke bugawa. Babu komai a wurin, shiru.

"A'uzu billahi!" Ta cusa hasken a tsakiyar fuskar.

"Kashe," ya ce. Ya kau da kai kamar mai jin kunya a ga tsiraicinsa. Riƙon ya sassauta.

Ta fizge. Takalminta ɗaya ya fita, ba ta waiwaye shi ba.

Ba ta ji taku a bayanta ba. Muryar ce ke binta, kullum daidai bayan kunnenta, ba haki, ba gaggawa.

"Kin gaji. Zauna."

Ta faɗa ƙofar benen. Matattakalar duhu ne dunɗum. Ta saukar da hasken ƙasa, 'yar da'ira mai faɗin faranti ta sauka a kan matakin farko. Abin da ke cikin da'irar kaɗai take gani. Abin da ke wajenta ba ta so ta sani.

Mataki. Mataki. Mataki.

A hawa na biyu ta daki ƙofar maƙwabcinsu mai tasi da iyakar ƙarfinta. "Fito da mota! Dogo ne! Fito da mota!" Ba ta tsaya jin amsa ba.

Ƙofarsu. Makullin ya ƙi samun rami. Ta cusa tocilar a baki ta datse da haƙora, ɗanɗanon ƙarfe ya cika mata harshe, ta kama makullin da hannu biyu.

Sanyi ya sauka a bayan wuyanta, da warin jiƙaƙƙen siminti.

"Kar ki buɗe," in ji muryar, a hankali, har da lallashi. "Tun da safe nake riƙe da shi. A hannuna ya faɗo."

Makullin ya juya.

Minshari ta fara ji, mai nauyi, mai kakari, irin wanda ba barci ke kawo shi ba. Sai warin amai. Dogo na kwance yadda ta bar shi, hannu ɗaya ya zubo ƙasa, filastarsa a saman kunnen hagu. Jikinsa da ɗumi. Ta kira sunansa, ta girgiza shi, ta murɗe masa fatar kafaɗa. Bai motsa ba.

Ta ɗaga fatar idon dama ta haska. Ya tsuke.

Ta ɗaga na hagu. Ya buɗe, ya ƙi tsukewa.

"Ɗaya ne," ta ce da ƙarfi, kuka ya ƙwace mata. "Ɗaya ne kawai, akwai sauran lokaci!"

Mai tasi da matarsa suka shigo a guje. Su uku suka ciccibe shi a cikin bargo, mutumin na ta salati, matar na haska musu matattakala da tocilar da Sista ta danƙa mata. Ba su ga kowa ba, ba su ji komai ba. Sai da motar ta tashi, kan Dogo na bisa cinyarta, Sista ta waiga ta gilashin baya. A tagar ɗakinsu wani dogon mutum na tsaye, ya dafa ƙarfen tagar, yana bin motar da kallo.

A daren aka shiga da shi tiyata aka zuƙe jinin. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara minti goma, da wani zancen ake yi. Sista ba ta gaya wa kowa inda mintunanta suka tafi ba. Ba ta kuma sake kwana a gidan ba, 'yan'uwan Dogo ne suka kwashe musu kaya da rana tsaka zuwa wani gida na ƙasa, a unguwar da ba sito.

Dogo ya warke. Bakinsa ya dawo, taurin kansa ya dawo, har ya koma hawa tsani duk da rantsuwar da ta yi. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Ɗigon idonsa na hagu ya zauna a buɗe, ko hasken rana ba ya tsuke shi. Likitoci suka ce jijiyar ce ta matsu, hakan na faruwa. Ta san yana faruwa, ita kanta ta sha yi wa dangin marasa lafiya wannan bayanin, da murya mai kwantar da hankali.

Wata yamma suna zaune a tsakar gida, tana yanke masa farce, ta tambaye shi ko yana tuna wani abu na ranar.

"Ba komai," ya ce. "Sai wani mafarki. Na gan ni tsaye a jikin wani dogon bango, ina ta roƙonki ki zauna tare da ni. Kika fizge hannu kika gudu kika bar ni, Sista." Ya yi dariya. "Wani lokacin ma sai in ji kamar har yanzu ina can a tsaye."

Ta ɗago ta dube shi. Idon dama ya ƙanƙance da dariya, idon mijinta ne, mai neman tsokana. Na hagun ba ya dariya. Kallonta kawai yake, da haƙuri, irin na wanda bai gaji da jira ba.

Ta ƙarasa yanke farcen. Tana son mijinta, kuma ba ta taɓa nadamar buɗe ƙofar nan ba. Amma tun daga ranar, in za su kwanta, ta damansa take kwana.